A Japan An Kira Sunanta, a Makka An Ce "Karimar Wane"

Zuwa ga Shugaba da 'yan Kwamitin Bikin Karrama Ɗalibai na jama'armu Hausawa mazauna Makka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Ina yi muku sannu da ɗawainiyar taron da ya gabata. Na san kama istiraha, wato gidan taro na haya, da dafa shinkafar jama'a, da rarrashin masu jawabi su taƙaita, ba ƙaramin aiki ba ne. Shinkafar ta yi daɗi, naman ma ba laifi, duk da dai da kun tuntuɓe ni da ya fi haka.

Ni ne Alhaji Isa mai tsire a unguwar Mansur, tsiren nan da Larabawa ke kira siriya suna layi a kansa bayan La'asar. A unguwar Nakkasa aka haife ni, rusau ne ya mayar da mu unguwar Shisha. Ranka ya daɗe Shugaba, kai ba sai na gabatar maka da kaina ba, tare muka yi gudu a tsaunin Nakkasa ba takalmi. Na same ka a kan wannan magana baki da baki, ka dafa kafaɗata ka ce in sha Allahu za a duba. Mun girma tare, na san irin wannan "za a duba" taka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na bar takardar a buɗe, tunda abin a gaban jama'a ya faru.

Ga ƙorafina dalla-dalla.

Na ɗaya: wace ce yarinyar.

Allah ya ba ni 'ya'ya mata huɗu. Ta biyunsu muna ce mata Ummi, domin sunan mahaifiyata ta ci. Kun san al'adarmu: ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa. Tun ranar suna har yau, sunan yarinyar nan na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a asibiti aka tambaye ni, katinta nake miƙawa in ce su karanta da kansu. Mahaifiyar tawa, da muke kira Inna, tana raye, tana gidana. Tana 'yar ƙaramar yarinya ta taho daga ƙasar Kano da iyayenta, galibin hanyar a ƙafa, ta Sudan, har suka tsallako teku. Yanzu ta tsufa ƙwarai, sai a keken guragu, kunnenta kuma ya yi nauyi.

Ummi tun tana ƙarama ba ta da aiki sai tone-tonen ciyayi. In aka yi ruwa a Makka, sauran yara suna wasa a kwata, ita tana can bayan gida tana leƙen tsagar dutse, tana tumɓuko 'yar tumfafiya ko sanamaki da saiwarsu, tana dasawa a gwangwanin madara. Tagar ɗakinmu ta zama gona. Mahaifiyarta ta sha zubar da gwangwanayen nan, ni ma na sha faɗa saboda tururuwa. Inna ce kullum take tare mata, tana cewa, "Ku bar min takwarata ta yi abinta, ba ku san me Allah ya nufa da ita ba."

Tambayarta guda ce tun a lokacin: yaya ciyawa ke rayuwa a kan dutsen da ko ƙafa ba ta iya takawa da rana? Wannan tambayar ce ta kai ta jami'a, ita ce kuma ta samo mata tallafin karatu zuwa Japan, wajen wata farfesa mai suna Malama Noriko, wadda ta ƙare rayuwarta tana binciken wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama a saiwar tsiro suna taimaka masa jure ƙishi. Iyakar abin da na gane ke nan, kuma shi ma sai da aka yi min bayani ana maimaitawa. Ummi ta yi shekaru a can, ta sha sanyi, ta koyi yarensu, ta koyi cin abinci da 'yan sanduna, ta dawo da digirin dakta. Yanzu tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a, tana kwana a gidana.

Na biyu: abin da muka gani daga Japan.

A Japan akwai lambar yabo da ake bai wa matan ƙasar masu binciken kimiyya, masu nazarin tsirrai da duwatsu da ruwa da taurari da makamantansu. Kafin taronku da ɗan lokaci, Malama Noriko ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Ummi ta haɗa jawwal ɗinta, wato wayarta, da talabijin don mu kalli bikin kai tsaye. Mu nan ban daɗe da dawowa daga sallar Asuba ba, su can rana ta kusa tsaka. Muka zauna a falo da shayi da mutabbak, Inna tana gefe a kekenta tana gyangyaɗi da carbi a hannu.

Ranka ya daɗe, taro ne mai natsuwa, babu mai jawabin da sai an ja masa riga. Ana kiran mace da sunanta, a nuna aikinta a babban allo, ta taso ta rusuna, a ba ta lambarta da furanni a hannunta, ta ɗan yi magana ta koma. Akwai masu furfura, akwai waɗanda ba su girmi Ummi da yawa ba. Na zuba ido in ga ko za a ce mijin wata ko mahaifinta ya taso ya karɓar mata, ban gani ba. Maza suna zaune a kujera suna tafi, kuma ban ga alamar wani ya ragu da komai ba.

Da aka zo kan Malama Noriko, sai ga wata 'yar tsohuwa ƙarama, kanta fari fat. Ummi tana fassara mana. Malamar ta gode wa iyayenta da malamanta, sannan ta ce aikin ba nata ba ne ita kaɗai, za ta ambaci ɗaliban da suka yi shi tare da ita. Ta fara jero sunaye irin nasu. Can sai muka ji, a tsakiyar yaren Japan, sunan Ummi na yanka ya fito tsaf, an ɗora masa "san" a ƙarshe, wanda aka ce min girmamawa ce a wajensu. Ta ƙara da cewa ɗalibar daga Makka take.

Inna da muke zaton barci take yi sai ta zabura ta ce, "Na'am! Wa ke kirana?" Falon ya kaure da dariya. Ummi ta durƙusa ta yi mata bayani a kunne. Inna ta sa aka maimaita wajen, ta kara kunnenta kusa da talabijin, ta saurara, ta ce, "Allah ya yi wa matar nan albarka, ta iya faɗarsa." Ni kuwa na tashi na shiga kicin wai zan ƙaro shayi, alhali butar tana gabana a falo. Ba na jin kunyar faɗa muku, hawaye ne ya kore ni. Sunan da nake riƙe da shi a ciki ban taɓa furtawa ba, sunan uwata kuma sunan 'yata, shi na ji wata baiwar Allah a ƙarshen duniya ta faɗa a gaban manyan ƙasarta.

Na uku: abin da ya faru a istirahar da kuka kama.

Da kuka aiko cewa Ummi tana cikin waɗanda za ku karrama, gidana ya rikice da murna. Inna ta ce ko a kan gado ne sai an kai ta. Ta daɗe rabonta da fita, ko Harami sai dai ta kalla a talabijin. Aka yi mata lalle, aka sayo mata sabuwar abaya, aka ɗauke ta da kekenta aka sauko da ita daga bene. A ɓangaren mata ta ce a ajiye ta daidai ƙarƙashin lasifika, saboda kunnenta. Cewa ta yi ta ji sunan a bakin Japanawa, yanzu saura ta ji shi a bakin mutanenta, a garin da ta tako da ƙafarta.

Malama Noriko ma da ta ji labari ta roƙi Ummi ta aika mata bidiyon taron. Ta san ba za ta iya shigowa Makka ba, kuma ba ta yi ƙorafi ba, ta ce bidiyon ya ishe ta.

Aka fara bayan Magariba. Kuka kira samari ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, wani har da laƙabin gidansu. Wanda ya haddace Alƙur'ani, wanda ya gama injiniya, har da wanda ƙungiyarsu ta ci kofin ƙwallo na unguwa, kuma ban ce bai cancanta ba, Allah ya ƙara masa gudu. Da aka zo kan 'yan mata sai salon ya canja. Mai gabatarwa ya gyara murya ya ce: karimar Alhaji Isa, wato 'yar Alhaji Isa, digirin dakta a kimiyyar tsirrai daga Japan, waliyyinta ya taso ya karɓa.

Na ɗan jira ko zai ƙarasa. Bai ƙarasa ba. Na kusa da ni ya zungure ni ya ce, "Yalla ya Alhaji, ana jiranka." Na tashi, domin ba a haife ni don in tayar da rigima a taron jama'a ba. Kai da kanka, Shugaba, ka miƙa min allon lambar yabon, muka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Na duba allon a hanyar komawa kujera. An rubuta sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe, an rubuta sunan attajirin da ya ɗauki nauyin taron, an rubuta nawa. Na wadda ta yi karatun ne kawai babu.

Na huɗu: abin da allon nan ya jawo min.

Hoton ya zaga wayoyin jama'a kafin gari ya waye: ga ni nan da babbar riga, ina washe baki, riƙe da lambar binciken kimiyya. Tun daga ranar babu mai ce min Alhaji Isa a Mansur. Dakta nake. Masu sayen tsire suna cewa, "Dakta, a ƙara yaji." Wannan tsokana ce, na iya da ita, ina ma ramawa. Amma akwai wani dattijo daga Nijar da ya ɗauki abin da gaske, ya zo ya naɗe wando ya nuna min gwiwarsa a gaban tukuba, ya ce ta hana shi sujada. Na rantse masa ni nama kawai na sani, na dabba ma, kuma sai an yanka. Ya tafi yana cewa masu ilimi haka suke da ƙanƙan da kai.

A gida kuwa allon ya rasa mai shi. Autarmu, wadda ke sakandare, ta ɗauke shi ta kafa a kan teburinta. Da 'yar uwarta ta yi magana sai autar ta juyo wajena ta ce, "Wallahi ya Baba, ni ma karimarka ce, fen ismaha? Ina sunanta? Halas, shi ke nan, nawa ne." Na buɗe baki zan yi hukunci, na ga ba ni da hujja. Babbarsu da ke aure a Jidda ta bugo waya ta ce a ajiye mata shi na wata guda, ita ma tana da haƙƙi. Ummi tana dariya tare da su, ta ce ma'alesh, ba komai, ba don allo ta yi karatu ba. Na yarda da ita. Amma ni na haife ta, na san dariyarta ta gaske, kuma wannan ba ita ba ce.

Na biyar: amsar da na san za ku ba ni.

Za ku ce sutura ce, haka muka tarar ana yi a garin nan, ko a katin biki "karimar wane" ake rubutawa. Na sani, ni ma haka na rubuta a katin babbar 'yata. Amma katin biki kowa ya san wace ce amarya, ita kaɗai ce ke zaune a kan kujerar. Karatu ba haka yake ba. Mutum ne ya zauna da kansa ya yi shi, sunansa ne a kan takardar shaidar.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna a karatun malamai a Harami tun ina saurayi. Na ji suna kiran sunayen matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na 'ya'yansa mata, a lasifika, a gaban dubban maza, suna cewa wance ce ta ruwaito wannan hadisi. Ba su ce karimar wane ce ta ruwaito ba. In akwai wata fatawa da ta hana, ku nuna min, zan bi. In kuwa al'ada ce kawai, to al'adar da ta sa mai tsire ya zama likitan gwiwa tana bukatar a sake dubanta.

Wani a cikinku ya ce min, ai kai ma ba ka faɗar sunanta. Gaskiya ne. Amma shiruna na ɗa ne a gaban uwarsa, kuma duk wanda ya ji na ce Ummi ya san wadda nake nufi, ya san kuma dalilin. Ni na yi shiru ne ina jiran ku ku faɗa. In uba ba zai iya ba saboda kunya, kwamiti ma ya ƙi, to wa ya rage? Sai mu jira Japanawa?

Kuma ba Ummi kaɗai ba ce. A daren an karrama wata yarinya da ta haddace Alƙur'ani, da wata da ta gama karatun jinya. Har yau ban san sunan ko ɗaya ba, sai na iyayensu maza. Ƙananan 'yan matan da ke zaune a ɓangaren mata sun ga yayyensu sun yi karatu, sun kuma ji wanda aka kira.

Na shida, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto.

Ummi ta aika wa Malama Noriko bidiyon, tunda ta yi alƙawari. Amsar ta zo cikin ladabi irin nasu. Ta taya murna, ta ce mahaifin Ummi yana da fara'a, na gode mata. Sannan ta nemi afuwa, ta ce ita ba ta jin Hausa ko Larabci, ta maimaita bidiyon tana sauraro amma kunnenta bai kama sunan ba, ko Ummi za ta nuna mata daidai wurin da aka faɗe shi. Ummi ta karanta min saƙon, ta ajiye wayar. Har yau ba ta ba ta amsa ba, don ba ta son yin ƙarya, ba ta kuma son ta kunyata mutanenta.

Inna kuwa, a mota muna dawowa daga istiraha, sai da muka kusa Shisha sannan ta taɓo ni ta baya ta ce, "Isa, sun kira ne ban ji ba? Kunnen nan nawa ya ci amanata. Ina ta sauraro, sai na ji mata suna guɗa." Har gobe Inna tana zaton an kira sunan, ita ce ba ta ji ba, kuma in ta tuna sai ta ce kaico, da an ƙara matsar da ita kusa da lasifikar.

Tsofaffi biyu ke nan, ɗaya a Japan, ɗaya a gidana, kowacce tana ɗora wa kunnenta laifi. Kunnuwansu ba su yi komai ba, ranka ya daɗe. Wannan abu yana ci min rai, kuma ba zan ɓoye ba. Malama Noriko tana iya jira. Inna kuwa, rai a hannun Allah yake, amma ni da nake ɗaga ta in kwantar na san yadda take ƙara sauƙi a hannuna. Ba zan iya ce mata ta jira taron baɗi ba.

Don haka ina roƙonku abubuwa kaɗan, kuma babu mai tsada a ciki:

1. A taron mu'ayada da kuke shiryawa na gaisuwar Sallah mai zuwa, ku ware ɗan lokaci ku sake kiran 'yan matan nan uku a lasifika, kowacce da sunanta da abin da ta karanta. Ku sa mai gabatarwa ya faɗa a hankali, da ƙarfi, a kuma ƙara sautin ɓangaren mata.

2. Ban ce a cire labule ba, ban ce su hau mumbarin maza ba. Ku ba wata dattijuwa daga cikin iyayenmu mata allon, ta miƙa wa kowacce a hannunta a can ɓangarensu. In iyayen wata ba sa so a ambaci sunan 'yarsu, a tambaye su ita da su tun kafin ranar, a bi abin da suka zaɓa.

3. A sake rubuta allon. Tsohon zan dawo muku da shi da zarar na ƙwato shi daga hannun auta.

4. Ku sanar da jama'a cewa ni ba likita ba ne. Dattijon nan ya ce zai dawo da matarsa.

Tsiren wannan rana kuma a kaina, ba sai kun nemi wani ba.

Allah ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa jama'a ba da albashi ba. Allah ya raya muku zuriya, maza da mata, ya nuna muku ranar da za ku ji an kira sunayensu a wurin alheri. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya sa mu gama lafiya a wannan gari mai alfarma. Shugaba, in na yi maka zafi a wani wuri ka yafe min, abota ce ta ba ni baki.

Saura abu guda. Kada ranar ta zo ku ce ba ku da sunan a rubuce. Na so in sa ɗaya daga cikin yaran ta rubuta min shi a nan, sai na ga bai dace in nemi ku yi abin da ni na kasa ko da alƙalami ba. Na je na durƙusa gaban Inna na ce ina neman izini in rubuta sunanta a takardar da jama'a za su karanta. Ban gaya mata dalili ba, na ce kawai za a sake kira ranar Sallah, kun ga ke nan na riga na yi alƙawari da bakinku. Ta yi dariya ta ce, "Rubuta mana, Isa. Da na ba ta sunan ai ba don a ajiye a akwati na ba ta ba. Amma ka ce musu wannan karon su ɗaga murya."

To ga shi, da hannuna na rubuta:

Dakta Rakiya Isa.

Inna za ta kasance a ƙarƙashin lasifika.

Wassalam.

Naku,
Alhaji Isa mai tsire, Mansur,
ɗan Inna, mahaifin Ummi.